Motar Ɗan Bida da Tsatsar Birki

Kawuna yana da wata tsohuwar Hilux da yake ji da ita kamar ɗiyar fari. Ɗan bida ne tun muna ƙanana: kasuwarsa tana Abijan, iyalinsa suna wani ƙauye a ƙasar Buza, tsakanin dutse da fadama. Duk shekara in lokacin komawa ya yi, sai a tura motar bayan ɗaki, gab da turken awaki, a ja birkin hannu har sai ya ƙi motsi, a lulluɓe ta da tampol har ƙasa, a danne gefen da duwatsu. Makullin kuwa aljihunsa yake shiga, ya bi shi har bakin teku. A ganinsa ya killace dukiya ke nan. Damina ta zo ta yi wata uku a kanta, ta wuce.

Bara da ya dawo bayan kaka, ina wurin aka yaye tampol. Ta ramukan ƙafar gaba muka hango faifan birki ya yi jawur, kamar an tauna goro an fesa masa. Da injin ya tashi da batirin aro, motar ta ƙi gusawa, ƙafafun baya sun kafe. Wani yaron maƙwabta mai koyon makanikanci ya ruga ya dawo da gwangwanin baƙin mai da tsumma, ya durƙusa zai shafe faifan. Kawu na tsaye yana sa masa albarka. Allah ya sa maigidan yaron ya biyo sahu a kan babur. Bai ko kashe babur ɗin ba ya daka tsawa: "Kai! Aje gwangwanin nan!" Sannan ya juya ga Kawu: "Alhaji, in ka gaji da duniya ai sai ka hwaɗi mini, ba sai ka bi ta hannun yarona ba. Da wannan man za ka gangara dutsi?"

An yi dariya, amma ni abin ya zauna mini. Ni ba makanike ba ne. Malamin makaranta ne da ya daɗe yana shiga motar kasuwa tsakanin Madawa, Buza da Keita, kuma fasinja yana da bakin magana a kan birki, tunda da ransa ake gwaji. Abin da na fahimta shi ne, a ƙasarmu tsatsar birki ciwon zama ne. Motar da ke fita kullum da wuya ta kwanta da shi. Wadda aka ajiye don a tattala ta, ita yake ci. Mafi yawan maganinsa kuma kyauta ne, sai dai ya saɓa wa yadda muka iya ririta ƙarfe. Mun taso duk ƙarfen da muke so, mai muke shafa masa mu ɓoye: sarƙar keke, kwaɗon ƙofa, keken ɗinki. Yaron nan ba wauta ya yi ba. Ƙa'idar da ya gani a gida ya bi, kuma tana aiki a kan kowane ƙarfe in ban da wannan.

Faifan nan, da makanikanmu ke kira disk, aikinsa guda ne: ya juya tare da ƙafa, takalman birki biyu, wato falaket, su matse shi ta kowane gefe, gudu ya koma zafi. Zafin ba na wasa ba ne. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 90 a awa, in ta tsaya cak sau ɗaya, zafin da birkinta ya sha zai iya kai ruwa lita ɗaya da rabi ga tafasa, a cikin ƴan daƙiƙun da ba su isa a ɗora butar shayi ba. Don haka ake zuba faifan da baƙin ƙarfen zubi, mai ɗauke da sinadarin gawayi kamar kashi 3 cikin 100. Yana shanye zafi, ba ya saurin lanƙwasa, ga araha. Aibinsa shi ne ba ya jure laima ko kaɗan. Fuskar da takalmi ke gurza kuwa dole ta zauna tsirara, ba fenti ba mai, domin duk abin da ya shiga tsakani ya rage kamu. Raɓar asuba guda ta ishe ta ta yi ja.

Mu mutanen Adar bai kamata wannan jan ya zama baƙo a idonmu ba, domin a kansa muke tafiya. Jan dutsen da ya rufe tuddanmu, da jan birjin da ake shimfiɗawa a hanya, launinsu na ƙarfe ne da ya haɗu da iska da ruwa tun fil azal. Kakannin maƙeranmu daga irin wannan tama suke narko ƙarfe, har wata mai bincike Bafaranshiya, Nicole Échard, ta ɗauki aikin a fim a shekarun 1960. Maƙeri ya raba ƙarfe da ƙasa da ƙarfin wuta, tsatsa kuwa hanyar komawarsa gida ce. Ba wanda zai hana shi marmarin gida. Iyakarmu mu riƙa katse masa tafiya.

To, tsatsa iri biyu ce, kuma rashin raba su shi ke sa a firgita da wadda ba ta cizo, a yi barci da mai kisa. Akwai ta kwana ɗaya, wadda ke bayyana bayan ruwan dare ko bayan wanki. Ƙura ce kawai. Ka tada mota, ka taka birki a hankali sau biyar ko shida, za ka ji ɗan ƙarar gurza, sai faifai ya koma fes. Ba ta bukatar sisi. Akwai kuma ta wata da watanni, wadda ta nutsa cikin ƙarfe ta yi masa zanen ƴar rani. Inda takalmi ya kwanta a kan faifai laima takan maƙale, sai wurin ya ci daban da sauran, ya bar tambari. Ranar da aka fita, ƙafar direba za ta ji birki na bugawa kamar zuciya, sitiyari na karkarwa. Gefen faifan kuma yakan kumbura ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon gurasa, tsatsar ta ci gaba da cin fili daga baki zuwa ciki, har takalmi ya koma kama rabin fuskar da aka yi shi dominta. Mafi muni, fuskar ciki, wadda ba a gani ta ramin ƙafa, ita ta fi lalacewa.

Su wa ke kamuwa da irin ta biyun? Duba gidajen Tamaske, Karofan, Bangi da Ibohaman za ka gani. Jihar Tawa ƙasar ƴan bida ce. Wanda Allah ya buɗa wa a Abijan, Libiya ko Legas, mota na cikin abin da yake fara kawowa gida, sannan ya koma ya bar ta wata takwas a tsaye. Ƙara da motar ɗan kasuwar da ba ta fita sai an cire albasa a kwarin Tarka, da motocin da ayyukan raya karkara ke bari in wa'adinsu ya cika, da motar ɗaukar marasa lafiya da ke jiran kuɗin gazuwal a ƙarƙashin bedi. Wannan ta ƙarshen ita ta fi tsaya mini a rai, domin ranar da za a neme ta, da dare ne, da gaggawa, da mai naƙuda a baya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganin a bayyane yake: mota ta motsa. Sau ɗaya a mako, in ya yi wuya sau ɗaya a mako biyu, a fita da ita kilomita kaɗan, a taka birki sau da dama har faifai ya ɗumama ya bushe. Tada injin a tsaye ana ba shi wuta, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, yana taimakon batir, amma birki bai san an yi ba. In za ta kwana biyu a ajiye, a nema mata busasshen wuri mai dandaɓe ko tsakuwa, nesa da turke, domin fitsarin dabbobi da jiƙaƙƙen taki gishiri ne da laima a haɗe. Rumfa mai shan iska ta fi tampol ɗin da aka ja har ƙasa: ƙasa na fitar da gumi da dare, tampol ya tare shi, mota ta kwana cikin tururi kamar dambu a madambaci. Birkin hannu kuma a sake shi, a sa giya, a tokare ƙafafu da duwatsu, abin da Allah bai hana mu ba. Shi ya kafe ƙafafun bayan motar Kawu: takalman da ke cikin tambur, wato gangar birkin baya, sun shekara manne da ƙarfe har suka zama abu guda.

Na san inda gizo ke saƙar. Maganar ba ta ƙarfe ba ce, ta makulli ce. Ɗan bida zai ce maka: "In na bar makulli, kafin na kai Ƙonni ƙanena ya mai da ita motar kasuwa." Ba ƙarya ya yi ba, mun ga an yi. Amma a auna asarar biyu. Lita biyu ko uku na mai a wata, da ɗan haƙuri da ƙanin da zai saci zuwa biki sau ɗaya, a gefe guda. A ɗaya gefen faifai biyu, takalma, batir, tayoyin da suka tsage a tsaye, da wayoyin da ɓera ya ci. Mun iya ba da kiwon saniya ga makiyayi shekara guda, mu yarda ya sha nono muddin ta rayu ta haihu. Ban ga abin da zai hana mota samun irin wannan kiwon ba.

Masu fita kullum su ma ba su tsira duka ba, sai dai nasu makashin laka ne. Ruwan da muke samu bai taka kara ya karya ba, milimita 300 zuwa 500 a shekara, amma a fusace yake zuwa. Ya faɗi a kan dutse, ya rasa wurin nutsewa, ya taru a korama ya gangaro da yashi da jan taɓo. Yaƙi da wannan gudun ruwan ne ya kawo aikin Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, inda mata suka yi ta jera duwatsu a kan tuddai. Direban da ya bar kwaltar Yamai zuwa Damagaram a Madawa ya nufi arewa cikin Agusta ya san sau nawa zai tsoma ƙafa a ruwa. Faifan gaba na yawancin motoci biyu ne a haɗe, da ramuka a tsakani don iska ta ratsa ta sanyaya shi. Laka na cika ramukan nan, ta bushe a waje, ta riƙe laima a ciki. Sai a tara ciwo biyu: tsatsa na ci daga ciki, faifai kuma ya daina shan iska, ya riƙa zafi fiye da kima a gangara.

Saboda haka in ka fito daga korama, kada ka jira sai ka hango jaki a tsakiyar hanya kafin ka gwada birki. Taka shi a hankali kana tafiya, sau uku ko huɗu, ya ƙone ruwan. In ka isa gari, a wanke bayan ƙafafun da ruwa mai ƙarfi, ba jikin mota kaɗai da mutane ke gani ba. Sai dai a bari ƙarfe ya huce tukuna. Faifan da ya sauko daga dutse da zafinsa, aka watsa masa ruwan randa, zai iya karkacewa ko ya tsage. Bayan wanki kuma kada a shige da ita gida kai tsaye a kulle, a ɗan zagaya da ita ta bushe. Masu wankin mota a tasha su na fi so su ji wannan, su da al'adarsu ta fesa gazuwal a ƙarƙashin mota don ta yi ƙyalli. Feshin ba ya tambayar inda faifai yake.

Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai. Motar da ke jigilar takin zamani zuwa garaken albasa na Tarka da Galmi, ko gishiri da kanwa zuwa kasuwa, tana cikin wannan hali. Buhu ya fashe, gari ya zuba ta ramukan bodi, ruwa ya same shi. Gishiri kowane iri yana ninka saurin tsatsa. Shi ya sa ma motocin da muke saye na hannu daga Turai suke isowa da ciwon a jikinsu: can gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, mota ta shekara goma tana wanka da shi. Daga nan ta hau jirgin ruwa, ta zauna a tashar teku tana shaƙar iskar gishiri. Da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiyar ta ƙara tsawo. Mai saye yana duba fenti, rediyo da sanyin kilim. Da wuya ka ga wanda ya shimfiɗa kwali ya kwanta ya leƙa ƙasa.

A can ƙasan kuwa ake ajiye tsatsar da ta fi ta faifai haɗari. Abin da ke matse takalma yana zamewa ne a kan wasu ƙusoshi biyu masu rigar roba. Robar ta yage, ruwa ya shiga, ƙusa ta kafe, sai takalmi ɗaya ya riƙa ci shi kaɗai, ɗayan na hutu, mota na ja gefe in an taka. A nan ne maiko ke da wuri, amma irin nasa na musamman mai jure zafi, domin giris na gama-gari yana kumbura roba. Akwai mazaunin da faifai ke kwanciya a kai: in aka ɗora sabon faifai a kan tsohuwar tsatsa ba a kankare da buroshin ƙarfe ba, zai zauna a karkace, bayan wata biyu a ce jabu aka sayo. Akwai siraran bututun ƙarfe da ke kai man birki ƙafafu, waɗanda in suka ruɓe ba sa sallama, rana ɗaya ƙafa za ta nutse har ƙasa. Sai shi kansa man birkin, mai halin shan laima daga iska. Sabon man DOT 4, bisa ƙa'ida, ba ya tafasa ƙasa da digiri 230. In ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100, mizanin ya sauko 155, ruwan kuma yana cin ƙarfe daga ciki. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. A nan ƙari kawai muke yi in ya ragu. Na sha jin direbobi na alfaharin sun kai mota gida da ruwan sabulu a madadin man birki. A daji, da dare, ban ga laifin wanda ya ceci kansa ba. Laifin shi ne a kai gida a manta da shi a ciki.

Mai son fenti yana da inda zai shafa: tsakiyar faifan da ke kama da hula, da bakinsa na waje, da fenti mai jure zafi, bayan an kankare. Akwai ma faifan da ke zuwa da rufin sinadarin zinki tun daga masana'anta. Takalmi zai goge na fuskar a ranar farko, amma sauran jikin da ramukan iska za su daɗe ba su yi ja ba, kuma ga motar da ke yawan zama ƙarin kuɗin ya biya kansa. Sabon faifan da ba shi da wannan rufin yakan zo da ɗan maiko don kada ya yi tsatsa a kanti, wajibi ne a wanke shi tas kafin a ɗaura. Fuskar da mai ya taɓa ana iya wanke ta. Takalmin da ya sha mai kuwa ya tashi daga aiki, domin yana tsotsewa kamar soso, zafi ya taso ya sake fito da shi. Masu ƙona shi a wuta su mayar, garin neman gira suke.

Wajen saye, ko daga Maraɗi kayan suka zo, ko Ƙonni, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, akwai abu ɗaya da ko wanda bai yi lakwal ba zai iya nema. A jikin kowane faifan kirki an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, galibi bayan haruffan MIN TH. Tsakanin sabo da wanda ya ƙare sau da yawa milimita 2 ne kacal. Ido ba ya auna wannan, sai ma'auni, kuma makaniken da ba shi da ma'aunin kauri kintace yake yi da ranka. Faifan da tsatsa ta yi wa rami ana iya kai shi a fere, in kaurin zai saura sama da lambar. In ba zai saura ba, a haƙura, a sauya biyun gaba ɗaya, hagu da dama. Na hannu da aka goge da sanfefa ya yi ƙyalli a rana bai fi amaryar da aka yi wa kwalliya da kayan aro ba.

Za a ce mini talaka na fama da hatsi ina maganar zinki. Na karɓa. Amma a sake duba abin da na lissafa: fita da mota, sakin birkin hannu, nisantar turke, wanke laka, hana yaro gwangwani. Babu na jaka guda a ciki. Kuma kada a ɗauka ciwon na matalauta ne. Motocin lantarki na Turai, da yake injinsu ke rage musu gudu, birkinsu ba ya samun aiki, sai faifan ya riƙa tsatsa don zaman banza, har kamfanin Volkswagen ya koma sa tambur a ƙafafun bayan motarsa ID.3. Ciwon motar Kawu ne sak, a ƙasar da ba turken awaki.

Ranar da aka yaye tampol ɗin nan dai sai da aka cire ƙafafun baya, aka yi ta bugun tambur da guduma kafin ya saki. Faifan gaba ɗaya ya feru, ɗayan ya gaza lamba, aka sauya duka biyun, Kawu na ƙirga kuɗi yana tsaki. Bana da zai tafi, ya kira ƙaninsa gaban mahaifiyarsu ya miƙa masa makulli, ya ce kowace Juma'a ya kai tsohuwa gidan ƴar'uwarta a ƙauyen gaba ya dawo da ita, kilomita 7 zuwa, 7 dawowa. Ya rubuta lambar da ke kan agogon mota a bayan katin shaidarsa. Duk Asabar da safe sai ya kira ta WhatsApp ya ce a nuna masa agogon, daga nan a zagaya a nuna masa faifan ta ramin ƙafa. Makon jiya lissafi ya haura da kilomita 40, kuma har yanzu ana shari'ar a gaban tsohuwa.